Shafi rumfar haya ce, littafin kwastoma shi ne naki

Jawabin da wata 'yar ƙungiya, mai sayar da yaji da kayan kunu a Kasuwar Rimi, ta gabatar a taron cikar ƙungiyarmu shekara 10. Mun buga shi kamar yadda ta faɗa, saboda waɗanda ba su samu zuwa ba.



Hajiya shugaba, iyayenmu da ke zaune a gaba, malamarmu ta ajin yamma, 'yan'uwana mata, da mazajenmu da 'ya'yanmu da suka rako mu, sannunku da zuwa. Allah ya ƙara wa wannan ƙungiya albarka. Waɗanda aka fara tafiyar nan da su suka riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙansu.

Da sakatariya ta ce ni zan yi magana a kan talla ta waya, sai da na yi dariya. Na ce mata, ni da shekara shida baya ko sunana ba na iya rubutawa, sai dai in dangwala yatsa? Ta ce ai shi ya sa. To ga ni. Takardar nan da ke hannuna ni na rubuta ta, kwana shida ina fama. In kun ji na yi shiru, rubutun nawa ne ya gagare ni, ku yi haƙuri.

Yawancinku kun san sana'ata: yaji, daddawa, kuka, busasshiyar kuɓewa, garin kunun gyaɗa da na tsamiya, garin ɗanwake. Gero da wake da gyaɗa daga Dawanau nake saro su, sauran kuma a nan cikin gari. Ban taɓa tunanin waya za ta shiga cikin wannan harka ba sai a 2020, lokacin kullen korona, da aka rufe kasuwanni muka zauna a gida muna kallon kaya. Babbar 'yata ce ta buɗe mini shafi a Facebook, ta ɗauke ni bidiyo ina dakan yaji a tsakar gida, ta ɗora. Wallahi har faɗa na yi mata, na ce za ki nuna wa duniya turmina? Kafin sati ya zagayo mata uku sun aiko a kai musu. Daga nan na daina faɗa.

Cikin shekara uku mabiyana suka haura 4,000. Kun san halin ɗan Adam, kaina ya ɗan yi girma. In na haɗu da maƙwabciyata a kasuwa sai in ce, ni fa mutum dubu huɗu ne ke bina. Rannan ta ce da ni, “To Yaya, su dubu huɗun nan, nawa ne suka sayi yaji yau?” Na rasa amsa. Gaskiyar magana, shafi ba ya nuna wa duk mabiyanki abin da kika ɗora. Shi ke zaɓar wanda zai gani da wanda ba zai gani ba. Sai ki ɗora hoto, mutum 60 su gani, biyar su danna laik, ɗaya ta tambayi kuɗi ta ɓace. Na ga wannan tun tuni, amma tun da ciniki yana ɗan tafiya ban damu ba.

Abin da ya farkar da ni, wasunku sun san shi, don a littafin ƙungiyar nan ma akwai alamarsa. Saura kwana goma azumi, na karɓi rancen naira 150,000 a nan, na saro barkono da citta da gyaɗa, na sa mata biyu suna taya ni daka. Ina tsaka da aiki wani ya kira ni, murya a natse, sallamarsa cikakkiya. Ya kira sunan shafina daidai, ya ce an zaɓe ni a cikin mata 'yan kasuwa da za a ba tallafi, yanzu za a turo mini wasu lambobi, in karanto masa don a tabbatar ni ce. Hannuna duk barkono, idona yana hawaye, na karanto masa. Ya yi mini godiya har da addu'a.

Da magariba na nemi shiga shafi, ya ƙi. Ya canja komai. Washegari ya fara ɗora hotunana yana cewa an yi ragi saboda azumi, a tura kuɗi a wani asusu. Mata bakwai ne suka tura. Ɗaya daga cikinsu har rumfa ta zo, ta tsaya a kaina, mutane suna kallo, ta ce, “Hajiya, ban zaci haka daga gare ki ba.” Shekarata 19 a kasuwa ba a taɓa faɗa mini maganar da ta dafa ni irin wannan ba. Na biya su duka bakwai ɗin daga aljihuna, don sunana ya fi kuɗin.

Muka tafi da 'yata wajen masu gyara a ga ko za a dawo da shafin. Tambayar farko da aka yi mini: ina imel ɗinki? Na ce ni ba ni da imel. Ashe ina da shi. Ku saurari wannan da kyau, don na tabbata rabin waɗanda ke zaune a nan haka suke. Duk mai wayar Android da ta taɓa sauke wani abu daga Play Store, to tana da adireshin Gmail, don ba a shiga wurin sai da shi. Ranar da kika sayi waya, yaron shago ne ya buɗe miki, ya sa kalmar sirrin da ya ga dama, bai faɗa miki ba, ke ma ba ki tambaya ba. Ni nawa yaron ya bar shagon tun da daɗewa. Mukullin gidana yana aljihun wanda ban san inda yake ba. Shafin dai bai dawo ba, mabiya 4,000 suka tafi a yini ɗaya, ga kaya jibge, ga bashin ƙungiya.

Kun san abin da ya cece ni? Littafin aji. Malama tana nan, ba za ta bar ni in yi ƙarya ba. Lokacin da muke koyon rubuta lambobi ta ce kowacce ta riƙa gwaji a gida da abin da ya shafe ta. Ni kuma sai na riƙa rubuta sunan duk wadda ta sayi kaya, da lambarta, da unguwarsu, da abin da ta saya, don hannuna ya faɗa kawai. Da na buɗe littafin na ƙirga, mutum 83. Na zauna dare uku ina kiransu ɗaya bayan ɗaya, ina cewa an sace shafina kada ku tura wa kowa kuɗi, kuma kayan azumi sun sauka. Mutum 83 ɗin nan su suka saye kayan kafin azumi ya kai goma. Na biya rancen a kan lokaci, ma'aji shaida ce.

Tun daga nan nake kallon shafi kamar rumfar haya. Tana da amfani, a bakin hanya take, masu wucewa suna ganin kayanki. Amma ba taki ba ce. Ku tuna ranar Litinin 4 ga Oktoba 2021, da Facebook da WhatsApp da Instagram suka ɗauke gaba ɗaya a duk duniya, wajen awa shida, daga bayan la'asar har dare ya yi nisa. Su ukun kamfani ɗaya ne ke da su, wato rumfa uku ne mai gida ɗaya. A wannan daren kiran waya yana tafiya, imel ma yana tafiya. Kuma a shekarar ne gwamnatin tarayya ta rufe Twitter a Najeriya, daga Yuni har Janairun 2022, wata bakwai. Waɗanda kasuwarsu take can kaɗai sai da suka nemi wata hanya. Ba ina cewa ku bar shafi ba ne. Ni ma na buɗe sabo. Abin da nake cewa, duk wadda ta shigo rumfar, ki yi ƙoƙari ki san hanyar da za ki same ta ko babu rumfar.

To yaya ake yi? Ni dai ga yadda nake yi, wata ƙila ta fi ni dabara.

Duk wadda ta saya, ko a kasuwa ko ta shafi, in mun gama ciniki sai in ce, “Hajiya, in sabon kaya ya zo in sanar da ke?” In ta ce e, sai in ce ta WhatsApp ko ta imel? In rubuta. In ta ce a'a, shi ke nan, ba na sake tayar da maganar, kuma ba na canja mata fuska. Wannan tambayar ita ce ginshiƙin abin duka. Kada ki kwashi lambobin mutane daga gurup ɗin biki ko na makarantar yara ki fara tura musu talla. Na farko rashin kunya ne. Na biyu, in mutane da yawa suka toshe ki ko suka kai ƙararki, ana iya rufe miki layin WhatsApp ɗin. Na uku akwai doka: a watan Yunin 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a dokar kare bayanan jama'a, wadda ta ba mutum 'yancin hana a yi amfani da lambarsa ko imel ɗinsa a tura masa talla. Mu dai tun kafin doka mun san ba a shiga gidan mutum babu sallama.

Mafi yawan kwastomomina WhatsApp suke zaɓa. Ba na zuba su a gurup, don gurup kowa yana ganin lambar kowa, kuma kafin ki ankara an fara turo gaisuwar Juma'a da hoton jarirai, tallarki ta nutse. Akwai abin da ake kira burodkas: ki rubuta saƙo ɗaya, ya je wa kowacce ita kaɗai kamar ita kika rubuta wa. Jeri ɗaya yana ɗaukar mutum 256. Amma ga tarkon da ke ciki, wanda na yi wata biyu ban gane ba: saƙon ba ya isa sai ga wadda ta ajiye lambarki a wayarta. Shi ya sa yanzu a gabana nake cewa, ajiye lambar tawa in gani, ki sa “Mai Yaji”. Haka ma sitatus, wanda ke ɓacewa bayan awa 24, sai kun ajiye lambar juna take gani.

Yanzu imel. Na san wasu za su ce, mu da muke sayar da daddawa ina ruwanmu da imel? Ni ma haka na ce. A littafina yau akwai mutum 310, masu imel 46 ne kawai. Amma waɗannan 46 ɗin su ne masu sayen da yawa. Ma'aikata ne a Abuja da Legas da Fatakwal waɗanda yininsu a gaban kwamfuta yake, da masu dafa abincin biki da ke son farashi a rubuce don su nuna wa mai biki, da 'yan'uwanmu da ke Ingila da Amurka da Saudiyya waɗanda ke jira wani zai taho a ba shi saƙo. Wata a cikinsu ta ce da ni WhatsApp ɗinta saƙo ya fi 500 kullum, nawa ɓacewa yake, amma imel in ta buɗe da safe a ofis tana gani. Kuma mutum yana canja layi, waya tana faɗawa ruwa, a sace ta a adaidaita, amma adireshin imel yakan daɗe tare da mai shi.

Sau ɗaya nake aikawa a wata, ranar Asabar ta farko. Ni nake faɗa, wani lokaci in rubuta a takarda, 'yata ta buga. Ba dogon abu ba ne. Gaisuwa, sai kayan da ke ƙasa da farashinsu, sai ranar da mota za ta tashi, don in haɗa saƙon Abuja gaba ɗaya in kai tasha kuɗin aike ya ragu. Sannan kullum ina sa abu ɗaya da ba na sayarwa ba. Misali yadda ake adana daddawa kada ta yi tsutsa, ko yadda za ki gane barkonon da aka cuɗa da jar kala, ko yadda ake dama kunun gyaɗa bai yi gudaji ba. Na lura in wasiƙa farashi ce zalla, shiru nake ji. In akwai irin wannan, sai amsa ta riƙa zuwa, wata ma ta ƙara mini da nata sanin. Wata 'yar Maiduguri ce ta gyara mini haɗin yajin jego ta wannan hanyar, kuma nata ya fi nawa, shi nake sayarwa yanzu.

Abin da ake rubutawa a kan wasiƙar, wato kanun da mutum ke fara gani, shi ma sai an kula. Da farko 'yata takan sa “RAGI! RAGI! RAGI!” da manyan baƙaƙe. Ashe irin wannan ne ke sa wasiƙa ta faɗa kwandon shara na imel, inda ba mai dubawa. Kuma kamar muryar ɗan damfara take. Yanzu abin da zan faɗa wa mutum baki da baki shi muke sawa: “Garin kunun azumi ya sauka, motar Abuja ranar Laraba.”

Ga inda wasiƙar take ciyar da shafi, don wannan ne ainihin abin da aka ce in yi bayani. A ƙarshen kowace wasiƙa, da kowane burodkas, ina cewa: na ɗora bidiyon yadda ake yin kaza a shafina, ga hanyar shiga, ki leƙa ki faɗa mini ko haka kuke yi a garinku. Ba na cewa “ku bi ni, ku yaɗa”. Tambaya nake yi, don mace in ka tambaye ta yadda ake miya a garinsu ba ta iya yin shiru. Su waɗannan mutanen sun riga sun san ni, sun ci yajina, don haka suna shiga su yi magana. Shi kuma shafi in ya ga ana magana a ƙarƙashin abu, sai ya ƙara nuna shi ga wasu. Ƙawayensu su gani, su shigo. Rannan a kan ɗanwake kaɗai, ko da kuka ake kwaɓawa ko da kanwa kaɗai ya isa, sai da aka yi kwana biyu ana musu, na samu sababbin mabiya sun fi 70 ban biya ko sisi ba. Su sababbin kuma, a saman shafin na rubuta: mai son a riƙa sanar da ita in kaya ya zo, ta turo lambarta ko imel ta akwatin saƙo. Kun ga abin ya zama zagaye, littafi yana kai mutane shafi, shafi yana kawo mutane littafi. Sabon shafina bai kai 1,500 ba har yanzu, amma cinikinsa ya fi na tsohon.

A gefen kowane suna ina ɗan rubuta abin da na sani. Wannan tana da yara a makarantar kwana, in hutu ya kusa ƙarewa sai in tuna mata yaji da ƙuli-ƙuli. Wannan surukarta ta kusa haihuwa. Wannan za ta aikin Hajji, za ta so garin kunu da yaji a ƙulle da kyau. Gab da Babbar Sallah kowa yajin nama yake nema, wannan kam kowa nake aika wa. Amma ba ruwan mai yara a makaranta da tallar yajin jego. In kina tura wa mutum abin da bai shafe shi ba, sau uku ne zai daina buɗewa.

Kuskure ɗaya da na yi, in faɗa muku kada ku maimaita. Wasiƙar farko, mun jera adireshin mutum 20 a layi ɗaya muka aika, kowa yana ganin na kowa. Wata Hajiya ta kira ni ranta a ɓace, ashe akwai wadda ba sa ga-maciji da ita a cikin jerin. Na ba ta haƙuri, amma ba ta sake saye ba. Akwai wani layi da aka rubuta BCC, a nan ake zuba adireshi, kowa ya samu wasiƙarsa ba tare da ya ga na wani ba. Kuma a ƙasan kowace wasiƙa muna rubutawa: in ba kya son a ci gaba da turo miki, ki ce “a daina”, ba komai. Mutum huɗu sun ce a daina. Na soke sunansu a ranar, kuma biyu a cikinsu har gobe suna zuwa rumfa.

Wadda ba ta iya rubutu sosai ba tukuna, kada wannan ya hana ta. Saƙon murya yana aiki a burodkas, kuma wasu ma sun fi son su ji muryarki. Ki dai taƙaita, kada ya wuce minti ɗaya, mutane suna jin tsoron datarsu. Amma littafin kam sai da rubutu, kuma na takarda nake nufi, ba na cikin waya kaɗai ba. 'Yarki za ta yi aure ta tafi, ɗanki zai tafi bautar ƙasa. Tawa 'yar an sa ranarta bayan Sallah, shi ya sa tun yanzu nake zama kusa da ita ina danna abin da kaina, tana dariya ina yi. Ku mazajenmu da kuke can baya, don Allah ku riƙa barin matan nan suna zuwa ajin yamma, awa biyu ne kawai.

Sai maganar lambobin nan da ake turowa. Babu wani kamfani, babu banki, babu mai ba da tallafi da zai kira ki ya ce ki karanto masa lambar da ta shigo wayarki. Ko da sunan mahaifinki ya kira ki, ko ya ce daga ƙungiyar nan yake, kashe wayar ki kira sakatariya. A cikin WhatsApp da Facebook da Gmail duk akwai wurin da ake sa mukulli na biyu, wanda ko mutum ya samu na farko ba zai shiga ba. Minti biyar ne aikin.

Na roƙi Hajiya shugaba, ta kuma amince, ranar Asabar mai zuwa bayan la'asar za mu zauna a ajinmu. 'Yata za ta zo da ƙawayenta biyu. Kowacce ta taho da wayarta da cajinta a cike, da sabon littafi mai layi da biro. Za mu fara da nemo imel ɗin da ke cikin wayar kowacce, a canja kalmar sirri ta zama ke kaɗai kika sani, a sa mukulli na biyu, sannan a ja layi a littafi: suna, lamba, unguwa, abin da ta saya. Wadda wayarta ƙarama ce mai tocila ita ma ta zo, littafin bai bukatar data.